Ƙafata na mutuwa a bugu biyu: masu kaɗa batiri, ina dabarar take?

Ɗan_Birni07:
Assalamu alaikum ƴan'uwa makaɗa. Wata matsala ce ta ishe ni, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a dace. Shekarata biyu ina kaɗa batiri, wato jerin gangunan nan da ake bugawa a zaune da hannu da ƙafa, a wani ɗan orkes namu na unguwa, muna repetisiyo a wani gareji can bayan kasuwar Dole. Hannuwana alhamdu lillahi, ba su da laifi. Ƙafar dama ce ke ba ni kunya. In kiɗa na tafiya sannu, lafiya lau. Amma da mai gita ya ƙara wuta, aka zo inda babbar ganga ke son bugu biyu a jere, dum-dum, sai na biyun ya fito kamar tarin jariri, wani lokaci ma ba ya fitowa sam. Kuma kafin a yi waƙa huɗu ƙwaurina ya ɗauki zafi kamar an aza masa garwashi. Asabar ɗin da ta wuce a wani biki a Sabon Gari sai da na watsar da bugu biyun na koma ɗaya-ɗaya, mai bas yana ta hararata. Diddigena kullum a ƙasa yake, haka na koya. Wani ya ce laifin fedal ne, abin da ake takawa ya bugi babbar ganga, in sayi sabo. Wani ya ce in ɗaga diddige. To wanne zan kama? Kuɗin sabon fedal ba wasa ba ne a wurina.

ƊanKabuKabu:
Ni da na ga an ce batiri na ɗauka na mota ne ya mutu, har zan tura ka wajen mai caji.

Shef_Orkes:
Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya sa ka kashe kuɗi, amsa mini abu uku. A kan me kake zama? Da wane takalmi kake kiɗa? Kuma in ka danna fedal da hannu ka saki, gudumar da ke bugun gangar sau nawa take lilo kafin ta tsaya?

Ɗan_Birni07:
Shef, gaskiya kujerar batirin ta karye tun kafin in shigo orkes ɗin. A kan bido nake zama, irin mai lita 25 ɗin nan, na shimfiɗa masa tsohon bargo. Takalmi kuma silifa ne, wani lokaci in cire. Na gwada abin da ka ce yanzun nan: sau ɗaya ta dawo ta tsaya cak.

Shef_Orkes:
To ai ka ba kanka amsa. A kan bido gwiwarka ta fi ƙugunka tsawo. Mutumin da ya zauna haka, kamar mai cin tuwo a kan ƴar kujerar tsugunne, duk nauyinsa ya koma baya, ba ya iya ɗaga cinya sai ya jingina. Sai aikin duka ya taru a kan ɗan naman nan da ke gaban ƙwauri, wanda ke ɗaga yatsu sama. Shi ne ke maka zafin. Nemo abin zama da zai sa ƙugunka ya ɗan fi gwiwa tsawo, cinya ta ɗan gangaro. Kuma ka ja baya kaɗan, idon sawunka ya kasance daidai ƙarƙashin gwiwa ko ya ɗan wuce ta gaba, kada ya shige ƙarƙashin cinya. Fedal ɗin kuma da ya yi lilo sau ɗaya ya tsaya, ƙura ce ta cika shi ko an ɗaure rasor, sifirin ɗin da ke dawo da guduma baya, ya wuce kima. Fedal mai lafiya yakan yi ta kai da komowa sau da yawa kafin ya kwanta.

Baba_Fanfar:
Yaro, maganar kujera gaskiya ce, ka riƙe ta. Amma kada ka bari a raba ka da diddige a ƙasa. Mu da muka fara da badujala, muka rataya babbar ganga a ƙirji muka yi faretin 3 ga Agusta da na 18 ga Disamba rana tsaka, daga baya muka zauna a batiri, wanda ya koya mana bai yarda mu ɗaga diddige ba sai da muka shekara. Dalilinsa shi ne ɗaga diddige na ba ka ƙarfi kyauta, ƙarfin kuma na ɓoye rashin iyawa. Da diddige a ƙasa ne kake koyon bugu mai laushi, wanda ake ji a ciki ba a kunne ba. Yaran yanzu ƙara ɗaya suka sani, ta rushe gini. Zafin ƙwauri kuwa kowa ya sha shi. Yana wucewa.

Kanawa_Jaz:
Baba, a gafarce ni, amma wannan koyarwar ta zamanin da ba lasifika ce. Yau ka je biki, gita biyu, bas, fiyano, kowa ya ƙure na'urarsa, kai kuma babu makirfo a gangarka. Da diddige a ƙasa wa zai ji ka? Mu nan Kano duk wanda na sani yana buga jaz a fili diddigensa a sama yake. Nauyin ƙafar duka ne ke faɗawa kan feda, ba ka wahalar da ƙwauri. Ɗan Birni, ɗaga abinka, ba da yawa ba, kamar faɗin yatsa biyu ko uku.

ƊanKabuKabu:
Bakano ya shigo. Yanzu za a ce mana a Sabon Garin Kano aka ƙera ganga ta farko.

Kanawa_Jaz:
Ba mu muka ƙera ba, amma in fatarku ta fashe ina kuke zuwa saye? Ku Damagarawa kilomita ɗari biyu da wani abu kuke shararowa don sandar kiɗa guda biyu.

TelaMaiKeke:
Ku bar wasan nan tukuna in faɗi tawa. Ni tela ne, shekara goma sha ina taka keken ɗinki a Zongo kafin in taɓa zama a batiri. Ranar da wani ya nuna mini dabarar da ake yi da diddige da yatsu, dariya na yi, don abin da nake yi tun safe har dare ke nan. A keke kana danna gaba da tafin ƙafa, ka danna baya da diddige, ƙafa na lilo kamar kwale-kwale. A fedal ma kusan haka ne: ka saki ƙafar ta faɗo, diddige ya sauka, wannan faɗowar ta ba ka bugu na farko, sai ka ɗaga diddigen kana danna yatsu, bugu na biyu ya fito. Motsi ɗaya, bugu biyu. Abin da ya ba ni wuya kawai shi ne a keke motsin ba ya tsayawa, a ganga kuwa sai ka yi biyu ka tsaya cak. Na yi sati uku ƙafata na ƙara na uku da kanta.

Ɗan Birni, in kana da tela a unguwarku roƙe shi ka taka kekensa ba zare, minti goma. Za ka ji abin da nake nufi a idon sawunka.

ƊanKabuKabu:
Yanzu kam na gane. Ai irin giyar babur ɗinmu ce, mai hannu biyu, gaba da yatsu baya da diddige. Ashe ni ma makaɗi ne ban sani ba.

Shef_Orkes:
Tela, dabararka tana aiki, ban musa ba, amma tana da sharaɗi. Wanda ƙafarsa ke da girma, matakin fedal kuma gajere, diddigensa ba ya samun wurin sauka. Kuma bugun biyu ba sa fitowa da murya ɗaya sai an daɗe ana gyara su: na farko yakan yi nauyi, na biyu ya yi sanyi. Shi kuma matsalarsa ke nan tun farko, na biyun ne ke mutuwa. Ina tsoron ya ƙara wa Barno dawaki.

TelaMaiKeke:
Lamba 44 nake sawa, Shef, kuma yana fita. Ba lallai diddigen ya taka matakin ba, faɗowar ƙafar ce ke bugawa. Amma batun murya biyu na yarda.

ƳarGarinMalam:
Sannunku. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa magana ba. Ni a jami'a na fara, da batirin wata ƙungiyar ɗalibai, kuma abin da ya warware mini bugu biyu shi ne zamiya. Diddige a sama, bugu na farko ka yi shi da yatsu a tsakiyar mataki, sai ka zame ƙafar gaba kaɗan kana sakin nauyin cinya, na biyu ya fito. Amfaninta shi ne na biyun ne ke samun nauyi, kuma a yawancin kiɗan da muke yi na biyun ne ke faɗawa kan gaɓa, shi ake son a ji. Zamiyar ba ta da yawa, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

Amma da silifa ba za ta yiwu ba, yaya. Silifa na lanƙwashewa, tana maƙalewa a sarƙa. Ƙafa tsirara kuma lokacin zafi gumi ke kama ta, a watan Afrilu matakin ma kansa ƙona ƙafa yake in a fili aka ajiye kayan. Ni safa nake sawa, ko kambas mai sumul ɗin ƙasa. Wata rana na manta safa na barbaɗa hoda a matakin, ta yi aiki, sai dai mai kayan bai ji daɗi ba.

Ɗan_Birni07:
Na gode ƙanwata. To yanzu dabara uku ke nan a gabana: ta Baba, ta Tela, da taki. Kaina ya fara juyawa.

Malamin_Lakwal:
Bari in sa lissafi a ciki, ko zai rage juyawar. In metronom, na'urar ƙirga gudun kiɗa, na kan 120, wato gaɓa 120 a minti ɗaya, kowace gaɓa rabin sakan ce. In ka raba ta huɗu, tsakanin dum da dum ɗinka kashi ɗaya ne cikin takwas na sakan. A wannan ɗan lokacin gudumar za ta bugi fata, ta dawo baya, ta sake tafiya. To in ba ta dawo ba fa? Babu abin da za ka sake bugawa. Yawancin masu kukan bugu na biyu ba ƙarfin dannawa suka rasa ba, sakin fedal ne ba su yi da wuri. A kan 90 tazarar kashi ɗaya ce cikin shida, shi ya sa a can kake jin ka iya.

Wani abin kuma, fedal ɗin nan da muke faɗa a kansa bai daɗe a duniya ba. A 1909 ne William Ludwig da ɗan'uwansa Theobald suka fito da nasu a birnin Chicago na Amurka, wanda ya karɓu har ya zama tushen na yau. Kafin nan akwai waɗansu na katako masu nauyi, wasu makaɗan kuma da sanduna suke bugun babbar ganga da ƙaramar duka. Kalangu da tambari sun girme shi nesa ba kusa ba, don haka ba abin mamaki ba ne in har yau ba a daidaita kan hanya ɗaya ba.

Injiniyan_Sauti:
Malam ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni ba makaɗi ba ne, ni ke zaune bayan na'ura ina jin abin da kuke aikowa. Mafi yawan masu ɗaga diddige in sun buga sai su bar gudumar manne da fata, su danne ta da nauyin ƙafa. Sauti ya shaƙe, ya zama "tap" maimakon "dum". Wani lokaci ma gudumar na ɗan rawa a kan fatar, makirfo ya ɗauko "drrr", mai biki ya zo yana tambayata ko lasifika ce ta fashe. In ka bar ta ta dawo da kanta gangar na numfashi, ƙasan sautin ya fito.

Ban ce dannewar haram ba ce. Akwai kiɗan da ke son bugu gajere busasshe, kuma manyan makaɗa da yawa haka suke yi da gangan. Amma a ce mutum ya zaɓa, ba don bai iya ɗayan ba. Sannan ku riƙa duba abin da ke cikin gangar. Na taɓa leƙa wata mai inci 22 na tarar da katifar yaro sukutum a ciki, da buhun siminti wanda ba kowa a cikinsa. Filo ɗaya ya isa, ya ɗan taɓa fatar.

Kanawa_Jaz:
Injiniya, ni ina dannewa kuma ba wanda ya taɓa mayar mini da kuɗin biki. In fatar ta yi sako-sako, da filo a ciki, ba ta yin wannan rawar da kake faɗa.

Injiniyan_Sauti:
Gaskiya ne, in ta yi sako-sako. Amma sako-sakon fata ba ya turo guduma baya, ka ga an koma kan matsalar Ɗan Birni. Kowane gyara da kuɗinsa.

Bagobiri_Maradi:
Ina kwananku, ina lahiya. Ku duka kuna ta zancen ƙahwa, ni zancen ƙarhe zan yi, tunda shi na sani. Fedal ɗin da ya yi lilo sau guda ya tsaya, kwance shi za a yi. Ƙurar hunturu na shiga cikin boris ɗin da sandar ke juyawa a kai, ta haɗu da tsohon mai ta zama kamar ƙullun ƙosai. A wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a bari ya bushe, a ɗiga man keken ɗinki, Tela na da shi. Kada a zuba baƙin man mota, ƙura yake kira. Sarƙar ma haka.

Rasor kuma a sassauta shi har sai mataki ya riƙa bin tahin ƙahwarka, ba ya gudunta ba ya tura ta. Guduma in tana hutawa ta tsaya kamar rabin hanya tsakanin tsaye da kwance, wajen digiri 45. In ta yi kusa da hwata babu ƙarhi, in ta yi nisa sai ta bugi ƙwaurinka. Nawa rasor ɗin ya tsinke ana tsakiyar wasa a Tasawa, na yanko robar tayar keke na ɗaure, da ita na ƙare daren. Washegari na sa na birkin babur. Ya yi tauri ƙwarai amma ya shekara.

Ɗan_Birni07:
Allah shi saka. Na duba yanzu, ashe ma noti ɗaya na gindin matakin ya ɓace, shi ya sa yake karkata gefe. Gobe zan kai wa mai walda.

Bagobiri_Maradi:
Kada ka bari ya sa mashi wuta! Noti kawai za a nemo. Ƙarhen waɗannan fedal ɗin ba ya son walda, narkewa yake. Wajen mai gyaran keke za ka.

MaiKalangu_Mirya:
Ni dai ina ta kallonku. Mu da muka gaji kiɗa, ba mu san rasor ba, ba mu san metronom ba. Amma abu ɗaya mahaifina ya yi mini da zan ba Ɗan Birni kyauta. Bai bar ni na taɓa kalangu ba sai da na iya faɗin kiɗan da baki. Ya ce abin da bakinka bai iya faɗa ba hannunka ba zai faɗa ba. Kai wannan dum-dum ɗin, kana iya rera shi daidai a gudun da mai gitar ke so, kana tafi da hannu? In bakinka ma na haɗiye na biyun, to ba ƙafa ba ce, kunne ne. Kalangu ma ai gaɓa biyu ke aiki lokaci guda, hannu na bugu, damtse na matsa tsarkiya, kuma ba wanda ya taɓa cewa a sayo sabon damtse.

Baba_Fanfar:
Madalla da ɗan gado. Abin da nake ta so in faɗa ke nan.

Kanawa_Jaz:
Baba ai ba abin da ka faɗa ke nan ba, kai diddige ka ce. Amma ba komai. Ni shawarata ta ƙarshe, in kuɗi sun samu ya sayi feda mai kai biyu, ƙafar hagu ta taya ta dama. An huta da zamiya da keken ɗinki.

Shef_Orkes:
A'a. Wannan kam ban yarda ba ko kaɗan. In ƙafar hagu ta tafi taya dama, wa zai riƙe sharle, faifan ƙarfen nan biyu da ƙafar hagu ke buɗewa da rufewa? A kiɗanmu sharle ne ke riƙe da masu rawa. Ka saurari Tony Allen, wanda ya yi wa Fela kiɗa a Legas shekara da shekaru, ya rasu a Paris a 2020. Bugu biyun nan a babbar ganga kamar sa hannunsa ne, kuma da ƙafa ɗaya yake yin su, a natse, ba da ƙarfi ba, hagu na can tana buɗe sharle tana rufewa. Ka ji kamar mutum huɗu ne ke kiɗa. Fedal mai kai biyu na da wurinsa, masu kiɗan rok mai nauyi da shi suke aiki, amma ba maganin ƙafar da ba ta koyu ba ne.

Malamin_Lakwal:
Ƙarin bayani kan wannan: tun kafin fedal mai kai biyu, babbar ganga biyu ake jerawa. Louie Bellson, wani makaɗin batiri na Amurka, shi ne ya shahara da haka tun shekarun 1940, ya kuma yi aiki da Duke Ellington a farkon shekarun 1950. Ku yi tunanin ɗora ganga biyu masu inci 22 a kan kabu-kabu zuwa Kara-Kara.

ƊanKabuKabu:
Na taɓa ɗaukar rago biyu da mai su. Kawo gangunan.

Fiyano_Matamaye:
Ku yi haƙuri in ɓata muku rai. Duk wannan wahalar ta mece ce? Bikin da ake kiran cikakken orkes yanzu nawa ne? Ni da fiyano ɗaya da mawaƙi ɗaya muke tashi da biki, gangar na cikin na'ura, bugu biyu ko goma ba ta gajiya, ba ta ciwon ƙwauri, ba ta neman kuɗin shayi. Mai biki ma ya fi son haka don kuɗinsa sun ragu.

ƳarGarinMalam:
Sai ranar da aka ɗauke wuta, gurup, wato janareta, kuma ya ƙi tashi.

Fiyano_Matamaye:
Ranar ai mai gitar ma zaune yake.

MaiKalangu_Mirya:
Ranar mu ake nema. Amma ban da wasa, na'urarka ba ta ganin mai rawa. In tsohuwa ta shigo fili, makaɗi na ganin ƙafarta ya rage mata, in budurwa ta shigo ya ƙara. In uwar amarya ta taso da kuɗi a hannu ya san inda zai sa mata bugu. Na'ura gudu ɗaya ta sani tun daga farko har ƙarshe.

Shef_Orkes:
Wannan muhawarar a buɗe mata nata zauren, don ba za ta ƙare yau ba. Mu koma kan yaron nan. Ɗan Birni, ga abin da zan sa ɗalibina ya yi in shi ne kai. Sauko da metronom a salularka, kyauta ne. Sa shi a 60. Minti biyar bugu ɗaya-ɗaya diddige a ƙasa, kana barin guduma ta dawo, don ran Baba ya yi sanyi, kuma don yana da amfani. Minti biyar diddige a sama. Sannan bugu biyu, amma ka fi ba na biyun ƙarfi da gangan, har ya yi kamar ya wuce kima. Hannunka na dama na tafiya a sharle, hagu na ba kes, ƙaramar ganga, a gaɓa ta 2 da ta 4, don ƙafar da ta iya ita kaɗai takan rikice in hannu ya shigo. Kada ka ƙara gudu sai ka yi minti ɗaya cur ba kuskure, in za ka ƙara kuma 4 ko 5 kawai. Kullum kwata ɗaya ya fi awa uku ranar Lahadi.

Zafin gajiya a nama ba komai, ka huta ya wuce. Amma in ka ji suka a gwiwa ko cikin idon sawu, ko zafin ya kwana ya wuni, tsaya, kada ka yi jarumtaka.

Ɗan_Birni07:
Shef, matsalar ita ce batirin ba nawa ba ne, sau biyu a sati nake ganinsa.

TelaMaiKeke:
Fedal kawai za ka roƙa ka tafi da shi gida. Ka jingina tsohuwar taya ko filo a bango ka riƙa bugu. In an hana ka, ƙasa ma ta isa: zauna a kujera, diddige a ƙasa, ka riƙa ɗaga yatsu kana saukewa. Ni ina yi ko a fada muna shan shayi, har abokai sun daina tambayata ko lafiya.

Injiniyan_Sauti:
Kuma ku shimfiɗa tapi ƙarƙashin kayan. Rabin makaɗan da nake gani suna bin gangarsu ne tana gudu a kan siminti, kafin a gama waƙa ƙafa ta miƙe kamar mai taka birkin tirela. Ba dabarar da za ta yi aiki a haka. Lokacin Zinder Saboua, bikin 18 ga Disamba da aka yi a Damagaram a 2018, na ga wani baƙon makaɗi, kafin ya ɗaura komai sai da ya shimfiɗa tapinsa, duk ya yi masa alama da farin salatif inda ƙafar kujera da ta kowane ƙarfe za ta zauna. Na ce wannan ya san abin da yake yi tun bai buga ba.

Ɗan_Birni07:
Ƴan'uwa, na dawo bayan kwana goma sha biyu. Na samu wata tsohuwar kujerar ofis mai juyawa wadda bayanta ya karye, na cire tayoyin, tana hawa tana sauka. Mai gyaran keke ya sa noti, mun wanke fedal da kananzir, abin da ya fito daga ciki ba ya faɗuwa. Yanzu lilo shida yake yi. Zafin ƙwauri ya ragu sosai, jiya mun yi awa biyu ban ji garwashin nan ba. Bugu biyu kuma da zamiyar ƙanwata nake yi, da safa. Yana fita tsaf har 96. Daga 100 na biyun ya fara haɗiyewa, waƙar da ta ba ni kunya kuwa ta kai 116. Dabarar Tela na gwada, ƙafata ta ƙi ganewa tukuna. Abin da Mai Kalangu ya faɗa ma na gwada a ɓoye, kuma kunya ta kama ni: ashe da baki ma ina gaggawar na farkon.

Baba_Fanfar:
Ka ga da ka tsaya a diddige ƙasa da sabuwar kujerar, da yanzu ba mu san inda ka kai ba. Ka canza abu huɗu lokaci guda, yanzu wa zai ce wanne ne ya yi maganin?

Kanawa_Jaz:
Ɗaga diddigen ne, Baba. Zamiya ai da diddige a sama ake yin ta.

Bagobiri_Maradi:
Kananzir ne.

ƳarGarinMalam:
Daga 96 zuwa 116 ni wata biyu ya ɗauke ni, yaya, kuma akwai satin da na koma baya. In ka kai wajen 105 ka rage tsawon zamiyar, ka matso da ƙafar baya kaɗan a kan mataki, wurin ya fi saurin amsawa. Safar kuma ka sayi guda uku, tana hujewa a babban yatsa.

Shef_Orkes:
Asabar mai zuwa kuna da wasa? In kuna da shi ka ce wa mai gita ya fara waƙar a 100, ba wanda zai lura sai shi. In ya ƙi, ka yi bugu biyun a amshi kawai, sauran ka tafi ɗaya-ɗaya. Ina ne wurin? In ban da aiki zan leƙo in tsaya ta gefen damanka in ga ƙafar da idona.

Ɗan_Birni07:
Muna da shi, Shef, bayan la'asar. Zan turo maka kwatancen ta salula. Mai gitar dai sai an yi da gaske, ba ya jin magana in ya ga ƴanmata sun taso.

ƊanKabuKabu:
Shef, in ba ka da abin hawa ni zan kai ka. Bidon nan kuma da aka yi ritaya, in ba mai so ina so.